Gwaggo da Auta

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da Inna. Yaya ƙafar Inna, ta sake kumbura ko ta lafa? Ni dai lafiya, sai gajiya, ita kuwa ta zama abokiyar zama.

Kin ce in daina aiko miki da layi biyu, in faɗa miki ainihin aikin da nake yi. To, tafiya nake yi. Tun fitowar rana nake bin shingen gonar nan, in hau tudu, in gangara rafi, ina duba tunkiyar da ta maƙale a waya ko ta kife ta kasa tashi. Takalmin roba ya cinye mini diddige. Ba na ganin mutum sai mai gonar, shi ma ba mai magana ba ne. Zomaye dai ga su nan kamar an zuba, makwarwa kuma sai ta bari ka kusa taka ta sannan ta tashi, gabanka ya faɗi. Akwai wata yanyawa da ke zama bisa dutse tana kallona kamar ni ne baƙo. Gaskiyarta.

Na ji saƙon wanki, wai na bar gida na tafi yi wa karnuka barantaka. Bai yi ƙarya ba. Ni ke dafa musu, ni ke share ɗakinsu. Amma in ba su, ko mutum goma ba sa iya tattaro garken nan daga tudu.

Su biyu ne. Akwai tsohuwar karya, makiyayin da na gada ne ya hore ta, fitonsa kawai ta sani. Na sa mata Gwaggo, don kallon da take mini shi ne wanda gwaggonki ta yi mini ranar da na fara zuwa gidanku. Satin farko ta cije ni a ƙwauri, tabon yana nan. In na yi mata fito sai ta tsaya ta yi nazari, sannan ta yi abin da ta ga dama, abin haushi kuma yawanci ita ke da gaskiya. Ɗayan shi ne Auta. Yana kwikwiyo na same shi, ni na koya masa komai. In na zauna cin abinci sai ya ɗora haɓarsa bisa takalmina. Wannan layin kada ki karanta wa wanki.

Tumaki sun fara haihuwa. Jiya na tsinci ɗan tunkiya a mace, an yaga masa wuya. Yanyawar nan nake zargi.

A gaida Inna, a shafa mini kan yara.

Mijinki.

*

Uwar 'ya'yana,

Sallama da gaisuwa. Na ji daɗi da Inna ta fara takawa zuwa tsakar gida. Yaya tarin ƙaramar? Kada a bar ta tana wasa da ruwa.

Na zalunci yanyawa. Ɓarnar ta ci gaba, har ta kai ga babbar tunkiya, wadda yanyawa ko a mafarki ba ta iya kayarwa. Kuma ba a cin naman, kashewa kawai ake a bar wa hankaki. Mai gona ya ce wannan aikin kare ne. Da safiyar Talata ya ga Gwaggo ta fito daga makiyaya bakinta jina-jina.

A wannan sana'a akwai doka guda da ba a jayayya da ita: karen da ya ɗanɗana tunkiya ba ya dainawa, harbi ne maganinsa. Na gaya masa Gwaggo ta saba cin mabiyiya, wato abin da ke biyo bayan haihuwar tunkiya, kullum a wannan lokaci haka bakinta yake. Ya ce ya sani, amma bai taɓa asarar dabba haka ba. Ya tambaye ni ko zan iya rantsuwa ba ita ba ce. Na ce ba zan iya ba, don ban gani ba.

Ya sa mata sarƙa, ya ce kuma a riƙa kulle Auta duk sa'ad da ba ya aiki, kada ya koya. Tun daga ranar ba a sake kashe ko ɗaya ba. Shi a wurinsa magana ta ƙare, jira kawai yake a gama haihuwa ya sami sukuni. Ba mugu ba ne. Shekarunta da yawa a gonar, na ga ya tsaya daga nesa yana kallonta, hula a hannu.

Ni kam ba zan ce miki na yi baƙin ciki ba. Aiki ya fi mini sauƙi ba tare da ita ba. Ina kai mata abinci da ruwa, tana harara ta, ina hararar ta, mu rabu lafiya.

Ki gaida mutanen gida.

Mijinki.

*

Uwar 'ya'yana,

Ina gaishe ki, ina fatan kowa lafiya. Ki yi haƙuri, yau gaisuwar gajera ce.

Shekaranjiya na buɗe bakin Auta zan ba shi maganin tsutsa, sai na ga gashin tunkiya cushe tsakanin haƙoransa na ciki. Na ce wa kaina karen kiwo yakan ɗan cafki gashi in tunkiya ta yi gardama. Na cire, na yar. Amma abin ya ƙi barina.

Yau da hantsi na kai shi makiyaya ta bayan tudu, inda ba a hango mu daga gida. Na jingina da katanga, na rufe fuska da hula kamar barci ya ɗauke ni. Ya ɗora haɓarsa bisa takalmina yadda ya saba. Can sai na ji nauyin ya ɗauke. Ta ƙasan hula na ga yana tafiya da ciki, ba haushi, ba sauri, yana waiwaye ya ga ko na motsa. Wannan waiwayen ya fi komai yi mini ciwo. Ya san abin da yake yi. Ya bi ta bayan wata tunkiya mai 'yan biyu ya danne ɗaya a wuya. Na yi fito, nan take ya saki ya kwanta, sannan ya dawo yana kaɗa wutsiya. Ɗan tunkiyar zai rayu, na ɗaure masa wurin.

Ba wanda ya gani sai ni da wani shaho da ke shawagi. Haihuwa ta kusa ƙarewa, mai gona ya ce gobe zai gama da Gwaggo. In na yi shiru, Auta zai ci gaba da kwana a kulle, ni kuma in sa masa ido da rana, wataƙila har in bar ƙasar nan ba a gane ba.

Kin san abin da ya raba ni da gida. Buhuna suka ɓace a ma'ajiyar hatsi, ni ne mai gadin da aka samu a bakin ƙofa, waɗanda suka san wanda ya kwashe kuma suka sunkuyar da kai, don nasu ne. Ba ina kwatanta kaina da karya ba ne. Ina dai gaya miki abin da ke kaina yayin da nake wanke musu kwano.

Ki sa ni a addu'a.

Mijinki.

*

Uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum. Wasiƙarki ta iso, na gode. Madalla da tarin ƙaramar ya tafi. Ki ce wa Inna ta rage hawa da sauka.

Na faɗa wa mai gona. Da safe na same shi yana goge bindiga, na ba shi labari tun daga gashin. Ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata, ya ce ya san yadda nake da karen nan. Ya ce in tafi tudu, shi zai yi komai. To, Auta ba ya bin kowa sai ni. Ni na kai shi bayan rumbu, ni na yi masa fiton kwanciya, ya kwanta. Ramin ma ni na haƙa, ƙarƙashin wata bishiya inda yake son tonon zomo.

An kwance Gwaggo. In kina jiran in ce ta gode, ba ta gode ba. Ta miƙe, ta girgije, ta wuce ni kamar turke ta nufi garke. Har yanzu sai ta yi nazari kafin ta bi fitona. Ƙafarta ta baya ta fara ja, tudun da muke hawa da sauri yanzu sai mun huta a tsakiya, ni ma ban ƙi ba. In na zauna cin abinci sai ta kwanta can gefe, ta ba ni baya.

Mutanen ma'ajiya kuwa, shekarun nan ina cewa shirunsu rashin imani ne kawai. Yanzu na san abin da ke riƙe bakin mutum. Ban yafe musu ba, kada ki je ki ce na yafe. Na dai sani.

Yanyawar ta haihu, na ga 'ya'yanta suna wasa a bakin rami, ban gaya wa mai gona ba tunda bai tambaya ba. Jiya a bakin rafi na manta, na yi fiton da nake kiran Auta da shi. Gwaggo ta tsaya, ta juya ta dubi hanyar rumbu. Muka ɗan jira tare, sannan muka ci gaba.

Ki gaida Inna da yara, har da wanki.

Mijinki.