Manhaja Mai Saurin Cewa Babu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Inna ta iso?

Ni dai hankalina ya ƙi kwanciya. Ka san manhajar da na rubuta wa kantin maganin da nake aiki. Kowane mai saye yana da jerin magungunan da jikinsa ba ya so, kafin a miƙa masa magani sai ta duba ko yana ciki. Da na gwada, ta yi ƙara yadda ya kamata. Amma tun da muka fara aiki da ita, ko tari ba ta yi ba. Kullum "babu". Maigidan sai yabona yake, ni kuwa gabana sai faɗuwa yake.

Ga rubutun manhajar nan na haɗo maka. Don Allah kar ka ce sai ka samu sarari.

Ƙanwarka,
Auta

Auta sarkin gaggawa,

Muna lafiya. Inna ta iso da ledar magungunan da kika haɗa mata, tana ta sa miki albarka.

Na duba. Kai, gado ba karambani ba! Kin tuna Baba in yana neman makulli? Ya ja aljihun tebur na sama, ya daka tsawa, "Babu!", alhali yana na ƙasa. Haka manhajarki: ta dubi na farko a jeri, in ba shi ba ne sai ta ce babu, ta kama gabanta. Na san da na farkon kika yi gwaji.

"Akwai" da an gani ake faɗa. "Babu" kuwa sai an kai ƙarshen jeri. Ki mayar da "babu" ɗin can ƙasa, sannan ki sake bi ta kan duk wanda kuka sallama.

Allah ya yi jagora,
Yayanki

Yaya,

Sallama a gurguje. Na gyara, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Sau ɗaya ta yi ƙara, a kan Inna. Farar ƙwayar da na sa mata a leda tana jerinta, ita ce ta taɓa toshe mata numfashi. Na kira ka, na kira matarka Anti, ba wanda ya ɗauka. Don Allah ƙwace ledar!

Auta

Auta,

Kwantar da hankalinki, ledar na hannuna. Kin san Inna, sai ta ƙarar da tsohon magani take buɗe sabo. Gobe ne za ta fara.

Tana gaishe ki. Tana tambaya wai me ya sa nake kuka.

Yayanki