Hirar da Ta Sa Na Yanke Shawarar Dawowa

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina gida? Yaya Malam da yara? Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Ranar Lahadi Marisa, 'yar ƙasar Filifin da muke aikin jinya tare a unguwar Whitechapel a nan Landan, ta gayyace ni cin shinkafa. Muna ci na tambaye ta yadda mutanen tsibiransu barkatai suka zama ƙasa ɗaya.

Ta ce, "Hajara, da can kowa garinsu kawai ya sani. Sai Turawan Sifen suka kashe limaman coci uku 'yan ƙasa a bainar jama'a. Kakata ta ji daga mahaifinta cewa daga nan masu yare daban-daban suka fara kallon juna a matsayin 'yan'uwa."

Nan take na tuna ranar samun 'yanci a Zariya, ina bisa wuyan Baba, maƙwabcinmu Bayarabe ya rungume shi, su duka suna hawaye. Na ajiye cokali, na ce a raina gida zan koma.

Asibiti sun ce in zauna dindindin. Na ƙi, Yaya. Asibitocin da ake ta ginawa a gida ma hannu suke nema. Bayan babbar sallah ina tafe.

Ki gaida Kawu Sule, ku sa ni a addu'a. Ki shaida wa Inna, amma ki bari ta zauna tukuna.

Ƙanwarki,
Hajara