Bohol Ɗin da Ya Ba da Ruwa Ranar Biki Kaɗai

Yaya Habu,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya iyali? Mu nan lafiya ƙalau, ƙafar Mama da sauƙi.

Ni dai zama ya gagare ni. Bohol ɗin da kansila ya buɗe mana, ranar biki kaɗai ya ba da ruwa. Ashe mota aka ɗauko ta cika tankin, ko haƙa ba a gama ba. Na miƙe a taron unguwa na tambayi nawa aka kashe, dattawa suka ce na yi rashin kunya. Mama ma cewa take in yi shiru, alhali har yau ruwan garuwa take saya. Jibi zan je sakatariyar ƙaramar hukuma in yi tambayar a can.

Ka sa ni a addu'a, ka gaida Anti Ladi da yara. In za ku zo Sallah, ku taho da ruwanku.

Ƙaninka,
Sule