Wayarka tana kan kekena

Auta,

Kada ka tayar da gida da neman wayarka, tana wurina. Na ɗaure ta da roba a hannun keke, haskenta nake so.

Mako biyu ke nan da ka ari kekena ka dawo da shi babu fitila, wai ka kai ta gyara. Tun ranar, duk safiyar da hazo ya rufe hanya, jar fitilar bayan keken mai kai burodi nake bi, don hanyarmu ɗaya har ƙofar masaƙa. Ashe jiya an sauya masa shaguna. Na bi shi tsakani da Allah, ina taka feda kamar saurayi, sai da ƙarnin kifi ya buge ni na gane muna can ƙarshen gari. Ya waiwayo ya ce, "Baba, burodi nawa za a ba ka?"

Takwas da rabi na isa aiki, rigata sharkaf. Manaja, yaron da na girma da shekara goma sha biyar, ya karanta mini takardar gargaɗi a gaban kowa: in na sake makara, in ajiye makullin sito. Shekara goma sha tara ina buɗe ƙofar nan.

Hazon yau ya fi na jiya. Ka nemo fitilar nan kafin in dawo. In aka sallame ni, mu biyu za mu riƙa yini a gida, kuma ka san kujerar gaban talabijin guda ɗaya ce.

Yayanka