Makiyayin da Ya Ɗauki Allo da Furfura

Zongo, Lome, 1972

Zuwa ga Yayana Mato,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajara da yara da duk dangi na Sakkwato. Mu nan lafiya lau, sai kewarku.

Yaya, Nata'ala ya fara karatu. Mijin nan nawa dai da ka ce bai san bambancin alif da sandar kiwo ba.

Akwai wani tsoho Bayahude mutumin Maroko, Dawuda, mai gyaran agogo kusa da babbar kasuwa. Nata'ala ya kai masa agogo gyara, aka miƙo masa rasit ya riƙe shi a juye. Tsohon bai yi dariya ba. Sai ya ba shi labarin wani malaminsu na zamanin da, Akiba, makiyayin da ya kai arba'in bai san harafi ba. Ya auri 'yar maigidansa, uban ya kore su, suka koma kwana kan ciyawa. Wata rana a bakin rijiya ya ga inda ɗigon ruwa ya huda dutse, ya ce ai kansa bai fi dutse tauri ba. Ya zauna cikin yara, a ƙarshe ya zama babban malamin Yahudawa.

A ranar nan Nata'ala bai ci abinci ba sai da ya sayo allo. Yanzu in ya dawo daga kasuwar shanu yana zama bayan yara a makarantar Malam Seydou. Mahauta na yi masa ba'a. Ni kuwa in na ji muryarsa mai kauri cikin ta yaran, sai na ji kaina ya yi girma.

Ƙanwarka,
Sakinatu

Sabon Zongo, 1978

Yaya Mato,

Ina gaishe ka, ina tambayar ƙafarka da aka ce tana ciwo. Allah ya ƙara sauƙi.

Na ji saƙonka cewa in kwaso yara in dawo gida tunda mijina ya tafi Zariya ya bar ni. Bai bar ni ba, Yaya, ni na tura shi. Da hukuma ta tashe mu daga tsohon Zongo ya aiko zai dawo, na ce ya zauna ya gama littattafansa. Ni da yara muka ɗaga rumfa a nan bayan gari. Ina sayar da koko da ƙosai, ba mu kwana da yunwa ba. Wahala kam akwai, amma ba wadda zan gudu dominta.

Taka,
Sakinatu

Sabon Zongo, 1985

Yayana,

Gaisuwa da fatan alheri ga kowa. Wannan takarda a hannun Boubacar direba na bayar, ban yarda in sa ta a gidan waya ba.

Ka san tun dawowar Malam Nata'ala zaurenmu cike yake da ɗalibai, har da masu furfura. Kafin Dawuda ya koma ƙasarsu, Malam ya je sallama, tsohon ya ƙarasa masa labarin Akiba. Rumawa sun hana karantarwa, Akiba ya ƙi bari, ya ce kifi ba ya rayuwa a tudu. Suka kashe shi yana kaɗaita Allah. Malam ya dawo ya maimaita mini shi.

To, watan jiya wani ɗan jam'iyya mai mulki ya zo ana tsakiyar darasi, ya ce a rufe littafi, ɗalibai su tafi koyon rawar bikin yabon shugaban ƙasa.

Malam ya ce, "Wanda zai tafi ban hana shi ba. Amma ni ba zan rufe ba."

Ba wanda ya tashi. Da yamma aka zo da mota aka tafi da shi. Na tsorata, Yaya, na yi kuka har muryata ta dushe, amma ban aika a ba da haƙuri da sunansa ba. Dattawan Zongo suka yi ta zirga-zirga har aka sako shi.

Ya dawo an aske masa gemu, yana ɗingishi. Na ɗora ruwan zafi, na leƙo in kira shi, sai na tarar ya riga ya zauna kan buzu, mutane har bakin titi. Ruwan ya huce, na sake ɗorawa, ya sake hucewa.

Ka gaya wa dangi wanda na aura.

Ƙanwarka,
Sakinatu matar Malam