Na Sauke Taswirarka, Baba

Baba,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta iso ka ba, amma na saba kawo maka magana idan ta yi mini nauyi, kuma har yanzu ban daina ba.

Gida lafiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta je biki Gayam. Wasu sun fara komawa gonakin bakin daji, masara kuma ta yi kyau bana.

Ka tuna taswirar da ka zana lokacin da kake aikin gandun daji, kowane ƙauye da rafinsa? Ita na ɗora a shafin intanet da na yi wa mutanenmu da rashin tsaro ya watsa. Mutum ya danna ƙauyensu a jikin hoton, sai labarin can ya buɗe: wa ya koma, wa ta haihu, wa ya rasu. Ka gani kafin ka kwanta ciwo, ka yi ta dannawa kana dariya.

A kwamfutata komai daidai yake. A ƙaramar waya kuwa, yatsa ɗaya ke rufe Unguwar Ɗinya da Unguwar Kanya. Kwanakin baya ƙanwarka, Goggo Hajara, tana Kaduna ta nemi Ɗinya, yatsanta ya faɗa Kanya. Ta ga sanarwar rasuwar wani Isa Maƙeri, ta ɗauka ɗanta Isa ne da ke Ɗinya. Ta kira shi, babu sabis a can. Wuni ta yi tana kuka, har maƙwabta sun fara shigowa gaisuwa, kafin wani ɗan acaɓa da ya iso daga Randagi, kusa da Ɗinya, ya ce ya gan shi da safe, lafiyarsa ƙalau.

Da na bincika, ashe inda sabis ke da rauni hoton ba ya buɗewa sam. Abokinka Malam Audu mai ciwon ido, wanda waya ke karanta wa rubutu, ya ce in ta zo kan taswirar shiru take yi.

To, na sauya. Yanzu sunayen ƙauyukan ne a rubuce, kowanne a layinsa, da tazara a tsakani. Taswirar ta koma ƙasan shafin, don kallo kawai. Sabon tsarin bai kai naka kyau ba, Baba, kuma na daɗe zaune kafin hannuna ya yarda. Da kana nan, za ka ji haushi? Ko kai ne za ka fara cewa a cire?

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Yawancin ƙauyukan nan ban taɓa taka su ba, a bakinka na san su. Da nake rubuta sunayensu ɗaya bayan ɗaya, muryarka nake ji, yadda kake jan kowane suna kamar na ɗan'uwa. Sai da na gama na lura a fili nake faɗinsu, Inna tana bakin ƙofa tana saurare.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka kabarinka.

’Yarka,
Rukayya