Tagogin da Za Su Leƙo Banɗakina

Daren Laraba, Jimeta.

Gwiwoyina ciwo suke, amma raina fes. Yau aka tara mu a ƙofar Jauro, mai unguwarmu, kan benayen da aka amince a jera a filin bayan gidanmu. Ni ban ƙi ba, don waɗanda suka gudo daga Madagali za a gina su, har yanzu kuwa a cunkushe suke. Damuwata ɗaya ce: banɗakina ba rufi, tagogin benayen kuma nan za su fuskanto.

Kunya ta hana maza magana. Sai na dubi injiniyan da zai yi ginin, sa'an jikana, na ce, "Angona, in leƙena kake so, kawo sadaki tukuna." Har Jauro sai da ya dara. Nan take injiniya ya yarda a mayar da tagogin wajen titi.

Miji dai ya kuɓuce mini, amma zan yi wankana hankali kwance.